Fijo 504 da ta daɗe a ajiye: a ta da injinta na asali ko a dasa mata na Toyota?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu sanin tsofaffin motoci. Akwai 504 SR ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna ce ƙirar 1984, tana ajiye a gidanmu na Unguwar Rimi tun rasuwarsa, da aka yi rabon gado ni ta faɗo wa. Ina so in ta da ita ta dawo hanya, ba don haya ba, sha'awa ce kawai, ranar Juma'a ko Lahadi in ɗan zaga da yara. Wani makanike ya ce a sauke injin a yi masa obahol, wato a kwance shi a sabunta kayan cikinsa, a bar shi yadda yake, wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in sayi injin Toyota ɗan Beljiyam mai injekta a dasa mata, a haɗa AC, in huta da kabireta da shan mai. Kowa da hujjarsa. Dan Allah wanda ya taɓa yin ɗaya daga ciki ya faɗa min gaskiyar abin da ya gani.

Usman505:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Kar ka taɓa injin nan wlh. Ranar da ka cire shi ka sa na Toyota to bodin 504 kawai gare ka. Duk wanda ya san mota, bonet zai fara cewa ka buɗe masa.

Auwal_Kawo:
Ni kuma na ce ya dasa. Malam Usman kana magana kamar har yanzu lita tana ƙasa da naira 200, tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ji a gidan mai, ka ɗauki injin lita 2 mai kabireta ka shiga gosulon Ahmadu Bello Way da yamma ka ga yadda allurar mai take sauka. Motar da mutum ba ya iya zuba wa mai komawa take inda aka ɗauko ta ta ci gaba da tsatsa. Gara tana yawo da injin Japan da tana kwance da na Faransa.

Usman505:
Ai ya faɗa maka Juma'a da Lahadi zai fito da ita, ba Zariya zai riƙa jigila ba. Man nawa zai ƙona?

Oga_KurminMashi:
Ku dakata tukuna, kuna gardama a kan injin da ba wanda ya san halin da yake ciki. Abban Hanifa abu na farko, kar ka yarda kowa ya sa mata batir ya yi mata ki, ko da ya rantse maka zai tashe ta yanzu-yanzu. Nan ake kashe yawancin injinan da suka daɗe a kwance. A cire fulogogi duka huɗun, a zuba ɗan bakin mai a kowane rami a bar shi ya kwana biyu ya jiƙa ringi, sannan a sa sifana a fulin gaba a juya da hannu a hankali. In ya juya to alhamdu lillahi rabin aiki ya ƙare. In ya ƙi kar a tilasta, a sauke top, wato murfin kan injin, a gani. Tanki kuma a sauke shi a wanke, don tsohon fetur in ya daɗe komawa yake kamar danƙo ya toshe kabireta da famfon mai, duk tiyon roba na mai da na ruwa a canza su ko da a ido lafiyarsu ƙalau.

Injin nan ni a kansa na koyi aiki wajen maigidana, kuma ban ga injin da ya kai shi sauƙin farfaɗowa ba. Silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke motsi a ciki, cirewa ake yi, ba sai an kai bulo wajen masu boring ba, ka sayi fistin da ringi da silif saiti guda ka zura sababbi, ya koma sabo. Sarƙa gare shi ba bel ba. Inda kawai yake ba da wahala shi ne top, don alminiyam ne, mutanenmu kuma ruwan rijiya suke ɗura wa lagireto shekara da shekaru, sai ka buɗe ka tarar hanyoyin ruwan sun cinye. To wannan shi za a duba da kyau.

Abban_Hanifa:
Na gode Oga. Ba a yi mata ki ba tukuna, batir ɗin ma tuni aka cire.

Dan_Panteka:
Ni duk ba inji ne damuwata ba. Inji ana saya ana gyarawa, bodi shi ne motar. Yaya Abban Hanifa ka ɗaga kafet ɗin ƙasa wajen ƙafar direba da na mai zaman banza, ka duba ƙasan but inda ruwa ke kwanciya, da gindin ƙofofi, da wajen da ake sa jak, da gefen gilashin gaba da na baya ƙarƙashin robar. In motar a waje ta yi damuna da damuna, a nan za ka ga aikin. Ka sa sukudireba ka danna, kar ka ji tausayi, inda ya huda dama ya riga ya mutu. Sannan ka samu ɗan maganaɗisu ka bi jikinta da shi, duk inda ya ƙi kamawa to foti aka cika wajen da shi a wani gyara na baya.

Kuma dan Allah in an zo gyara kar ka yarda a shafe tsatsa da foti a fesa fenti, damuna ɗaya za ta kumburo. Yankewa ake yi a sa sabon falanki a yi walda. A Panteka akwai masu bugun ƙarfe da za su fitar maka da ƙasan but ko gindin ƙofa da hannu in ka kawo musu tsohon su gani, ba sai ka jira daga waje ba.

Abin da ke min ciwo, da idona nake ganin ana kawo 504 da 404 har da a-kori-kura masu sauran rai a sa musu wuta a yayyanka a auna a kilo. Magada sun gaji da ganinta a tsakar gida sai su kira 'yan gwangwan. Shi ya sa na ji daɗin tambayar nan.

Baba_Kakuri:
Salamu alaikum yarana. Jikana ne ya nuna min wannan magana ya ce in sa baki. Na yi aiki a PAN, kamfanin haɗa Fijo da ke Kakuri, tun ina saurayi har na yi ritaya, a layin haɗa inji da giya. An kafa kamfanin a 1972, mota ta fara fita a 1975 zamanin Janar Gowon. Da yawanku ba ku san cewa a shekarun farko ta jirgin sama ake kawo kayan ba, daga Liyon ta Faransa a sauke a filin jirgin Kano, sannan manyan motoci su ɗauko su zuwa Kaduna, mu buɗe akwatuna mu haɗa. A Turai sun daina yin 504 salun tun farkon shekarun 1980, mu a nan ba mu daina ba sai wajen 2006. Motar mahaifinka in dai ta 1984 ce to ba mamaki ta bi ta hannuna.

Shawarata ɗana, motar da aka haɗa don hanyoyinmu ce, an ɗaga ta an ƙarfafa mata ƙafafu, injin da giyar da aksul duk an auna su da juna. Ka bar ta da kayanta. Akwai ɗan faranti na ƙarfe a cikin bonet mai lambar shasi, in za a yi fenti a rufe shi kar a shafe, kar kuma a cire. Allah ya jiƙan mahaifinka ya yi maka albarka.

Abban_Hanifa:
Amin Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wlh sai da jikina ya yi sanyi da na karanta. In aikin ya kankama zan so ku zo ku gan ta da idonku.

Maman_Walid:
Allah sarki Baba. Mu a Kakuri muka tashi, lokacin da masaƙu ke aiki ga PAN ga KTL ga Arewa Textiles, in aka tashi aiki hanya cika take da kekuna. Allah ya maido mana da irin wannan lokaci.

Injiniya_Bashir:
Bari in ƙara a kan maganar Baba ta ɓangaren aiki, don masu cewa a dasa kawai suna ɗauka cire wannan sa wancan ne. Na farko, 504 da ƙafar baya take ja, injinta a tsaye yake daga gaba zuwa baya. Yawancin injinan Toyota da ke cike a kasuwa, na Corolla da Camry, a gicciye suke don masu ja da gaba aka yi su. In kana son wanda zai zauna ba rigima sai ka koma irin na Hiace ko Hilux, su 3Y da 4Y ko 22R ko 1RZ da 2RZ, waɗannan kuwa su ma lita 2 ne ko fiye, wasunsu ma kabiretar ce dai, to ina ragin man da Malam Auwal ke faɗa?

Na biyu, injin 504 a kishingiɗe yake gefe guda, shi ya sa bonet ɗinta ya yi ƙasa. Ka kawo wanda yake miƙe, ko ya taɓa bonet ko kaskon bakin mai ya zauna kan kurosmemba, sai an fara yanke-yanke.

Na uku kuma shi ne babba, farfelarta ba a fili take ba kamar ta sauran motoci, a cikin bututun ƙarfe take wanda aka ɗaure da giyabos ta gaba da aksul ta baya, bututun nan yana cikin abin da ke riƙe ƙafar baya a mazauninta. In ka canza giyabos ka taɓa wannan tsarin gaba ɗaya. In kuma ka bar giyar Fijo to sai an yanka faranti an haɗa ta da baƙon inji, in aka samu kuskuren saiti kaɗan kulochi da beyarin ba za su riƙa daɗewa ba. Ana yi, na ga waɗanda suka yi kyau, amma na ga waɗanda suka fi yawa suna rawa a hanya.

Ni abin da zan yi in tawa ce: obahol, a cire kwantak a sa distiributa mai lantarki, a nemo giyar 505 mai biyar a sa. Giya ta biyar kaɗai za ta rage maka mai a doguwar hanya ta rage ƙugi, kuma duk abubuwan nan in ka ga dama gobe ka kwance ka mayar da na asali.

Auwal_Kawo:
Injiniya na ji bayaninka kuma akwai gaskiya, amma 'yan tasha da ke lodin wagon zuwa Birnin Gwari da Funtuwa da yawa sun dasa injin Japan suna aiki da su shekaru, su ba su san bututun ba ne?

Injiniya_Bashir:
Sun sani. Su neman abinci suke, in ta yi shekara biyu ta mayar da kuɗinta shi ke nan. Shi kuma ajiyewa zai yi wa 'ya'yansa. Ba lissafi ɗaya ba ne.

Sani_Rewaya:
Kowane inji kuka zaɓa dai wayarin sai an sake shi. Wayar da ta shekara 40 robarta ta bushe, ka lanƙwasa ta ta fashe, ga ɓeraye in mota ta daɗe a ajiye bayan dashbod suke gida. Sau da yawa ina buɗe akwatin fis in tarar an naɗe waya a madadin fis, haka mota ke kamawa da wuta. A sa rile a fitilun gaba don wutar ta daina bi ta makunni, haske ma zai ƙaru. Maganar AC kuma ba sai an canza inji ba, injin asali yana ja, sai dai in tana da tsohon AC to na gas ɗin R12 ne wanda aka daina, yanzu R134a ake samu, sai an canza kwamfireso ko a wanke shi a sa man da ya dace, a canza tiyo da diraya, a sa altaneta mai ƙarfi da fankar lantarki a gaban kwandensa. Kuma abin kashe gobara ya zauna a motar tun ranar da za a fara tada ta.

Hajiya_Malali:
Duk maza kun taru a kan inji ba wanda ya yi maganar yaran da ya ce zai ɗauka. Abban Hanifa yawancin motocin nan ba bel a kujerar baya, a sa. Birki a sake shi gaba ɗaya tun daga masta har tiyo, man birki yana shan ruwa in ya daɗe ya cinye ciki. Taya kuma kar a ce ai zanenta bai cinye ba, akwai lamba huɗu a gefenta mai nuna sati da shekarar da aka yi ta, tsohuwar taya fashewa take ko zanenta sabo ne. Mu muna da Marsandi 200 ta maigidana, kafin a yi mata fenti sai da na tsaya aka gama waɗannan. Kuma kujerun in yadin asali bai yage ba a wanke shi kawai, kar mai kushin ya ruɗe ka da leda mai ƙyalli, da zafin Maris ba ka iya zama a kanta.

Oga_KurminMashi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, birki kafin komai. Motar da ta tashi ba ta tsayawa gara wadda ba ta tashi ba.

Marsandi230E:
Hajiya taku fulat but ce, wato ƙirar W123, ko V-but da ta biyo bayanta? Ni fa a ganina in mutum zai zuba kuɗi a tsohuwar mota to W123 ita ce mota, rufe ƙofarta kaɗai ka ji ya ishe ka. Kayanta har gobe ana samu don duniya duka ana ta da su. Ai irinta ce ma motar da aka harbi Janar Murtala a ciki.

Malam_Tarihi:
Gyara kaɗan Malam. Ta Janar Murtala Marsandi 230.6 ce, ƙirar da ta gabaci W123. Ita W123 a watan Janairun 1976 ta fito, shi kuma 13 ga Fabrairun 1976 aka kashe shi, motar tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta. Bayan nan ne gwamnatin Obasanjo ta mayar da Peugeot motar jami'an gwamnati, shi ya sa duk wanda ya tashi a gidan ma'aikaci a Kaduna 504 ya buɗe ido ya gani. Kuma ba ƙaramar mota ba ce a duniya, a 1968 ta fito ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na Kenya a 1975 da Ove Andersson a sitiyari. Injin da ya yi wannan ne ake cewa a cire.

Auwal_Kawo:
Malam na tsere daban ne da na kasuwa ai, an yi masa aiki na musamman.

Hajiya_Malali:
Fulat but ce Malam, fara.

Kunkuru1500:
Tunda an shigo da Marsandi bari mu ma masu Volkswagen mu leƙo. Tawa Beetle ce haɗin Legas, lokacin da ake Peugeot a Kaduna ana Volkswagen a hanyar Badagiri, ana Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, Fiat a Kano. Ita ba ruwanta da lagireto iska ke sanyaya ta, amma abin da ya same ni zai amfani Abban Hanifa. Na kai ta wajen wani mai fenti da aka yaba min, na ba shi kuɗin aiki kusan duka a gaba, ya kwance ta tas ya tara kayan a buhu, daga nan kullum gobe, damuna ta zo ta wuce tana waje ba gilashi, da na je ɗauko ta da ƙarfi sai na tarar fitilun baya da hannun ƙofa da madubin asali duk babu, wai yara sun ɓatar. Har yau ban samu irin fitilun ba. Don haka duk abin da aka kwance ka ɗau hotonsa, ka sa a leda ka rubuta sunansa, ka tafi da shi gida. Kuɗi kuma kashi-kashi, a gama wannan a biya a shiga wancan.

Dan_Panteka:
Wannan haka yake. Ƙananan kayan nan su ne wahala, zakin gaba, giril, fitilar baya, ƙarafan ado na gefe, robar gilashi, agogon dashbod. Fistin da beyarin ko yau ka shiga Oriakpata za ka samu, amma ka nemi fitilar baya ta asali marar tsaga ka gani.

Nura_Rigasa:
To a ina ake samun su? Ni ma akwai 505 ta kawuna da nake zawarci.

Dan_Panteka:
Sabuwar Panteka ka riƙa leƙawa kana barin lambarka wajen masu yanka, in ta shigo su kira ka kafin a sa wuta. Sai Ƙofar Ruwa a Kano, sai Ladipo a Legas da Nkpor wajen Anacha. Masu zuwa Maraɗi da Kwatano ma suna samowa don can har yanzu ana moron su. Amma mafi sauƙi in kana da fili ka sayi wata matacciya sukutum ka ajiye kana cira.

Injiniya_Bashir:
A intanet ma ana samun robobi da fitilu sababbi, don Ajantina sun yi ta haɗa 504 har 1999, sai dai a lura ta can ta ƙarshe an canza mata fuska da baya, ba komai ne zai hau tamu ba. Ga kuma dala.

Khalifa_Barnawa:
Ni a nawa ganin ku bar mutum ya yi wa motarsa abin da ransa ke so. In ni ne zan sa mata alloy rim 17, in sauke ta ƙasa kaɗan, fenti baƙi mai sheƙi, fitilun LED, sauti mai kyau a but. Tsohon jiki sabon ciki. Turawa ma suna yi kuma ana saya da tsada.

Usman505:
Khalifa rim ɗin da kake gani a kasuwa ba zai hau ba, ƙusa huɗu gare ta amma tazararsu milimita 140 ce, ba irin ta Honda da Toyota ba, sai dai na 505. Kuma ka sauke 504 ƙasa ka kashe abin da aka san ta da shi, motar da ake shiga ƙauye da ita da damuna. Ka nemi Civic ka yi mata wannan.

Khalifa_Barnawa:
Yaya Usman ai ana huda wasu ramukan ko a sa adafta.

Oga_KurminMashi:
Kar ka huda. Taya ta fice maka a baifas da gudu ba labari ba ne mai daɗi.

Auwal_Kawo:
To tunda kun ƙi Toyota, me zai hana CNG, wato iskar gas da mota ke sha a madadin fetur? Injin kabireta ma ya fi sauƙin juyawa, but ɗin 504 kuma ƙato ne tukunya za ta zauna. Ka riƙe injinka na asali ka kuma huta da fetur. Wannan dai ba wanda zai ce an ɓata mota.

Injiniya_Bashir:
Wannan shawarar ta fi ta farko. Zai yiwu, sai dai ƙarfi yana ɗan raguwa, tukunyar tana da nauyi sai an duba sifirin ɗin baya, kuma dole a huda ƙasan but a ɗaure ta, ƙasan da ba mu san ko tsatsa ta bar shi ba. Sannan a cibiyar da aka amince da ita kawai za a yi, da tukunyar da aka yi don CNG, ba wadda wani ya yi wa walda ba, matsin da ke ciki yana kaiwa 200 a ma'aunin bar. Amma ga motar da za ta fita sau ɗaya a sati ban ga yaushe kuɗin haɗawar zai dawo ba.

Barista_UK:
Ƙarin bayani ta fuskar takardu, duk wanda ya canza inji ko launin mota ya je ofishin lasisi a gyara masa takarda ta dace da abin da ke jikin motar. Abban Hanifa kai kuma tunda gado ce ka nemi takardar da ke nuna an mallaka maka kafin ka sabunta. Tsohuwar lambar KD ɗin ka adana ta a gida tare da tsofaffin takardun Baba, suna ƙara mata daraja in an zo maganar asali.

Abban_Hanifa:
Jama'a na gode ƙwarai, ga inda ake. An yi yadda Oga ya ce kuma injin ya juya da hannu, har Oga ya ji a waya ya ce da alama bai kama ba. Amma Dan Panteka maganarka ta fito, ƙasan but ya huje a gefen hagu, wajen ƙafar direba ma ana hango ƙasa, ƙofofin dai da sauƙi. Kujeru lafiya sai dai ɓera ya ci ta baya kaɗan. Na fi karkata ga barin injin, amma yayana da zai taimaka da kuɗi ya dage shi dai injekta yake so don kar mu gama kashe kuɗi ta riƙa tsaya mana a hanya, ya ce masu gyaran kabireta na kirki sun ƙare a gari.

Oga_KurminMashi:
Ba su ƙare ba amma sun yi ƙaranci, wannan gaskiyar yayanka ce. Yaran yanzu kwamfuta suke jonawa ta faɗa musu ciwon, ka ba su kabiretar Solex su saita da kunne sai kallo. Akwai dattawa biyu-uku da na sani a nan da Tudun Wada, in ka tashi zan haɗa ka da ɗaya. Ka tafi da yaro mai sha'awa ya tsaya ya gani.

Baba_Kakuri:
Ɗana ka gaya wa yayanka a gwada ƙarfin matsin silinda huɗun kafin a yanke magana. In sun yi daidai da juna ko obahol ɗin ma ba lallai ba ne. Kuma kar a cire tamostat, mutane suna cirewa wai don zafi, kuskure ne.

Auwal_Kawo:
Ni dai har yanzu ina tare da yayan. Duk wanda ya taɓa tura mota a gadar Kawo da iyali a ciki ya san abin da nake faɗa. Ku da kuke cewa asali asali ba ku za ku tura ba.

Usman505:
Tawa 505 kabireta ce kuma Kano nake zuwa da ita in dawo. Kulawa ce kawai. Injekta ma in famfon mai ya mutu turawar ce.

Maman_Walid:
Ku dai in an gama a sanar da mu. Ya kamata ma masu irin motocin nan ku riƙa haɗuwa ko a Murtala Square ne wata Lahadi, yara su ga abin da aka haɗa a garinsu.

Marsandi230E:
Ina ciki, ni da Kunkuru1500 mu ne farkon zuwa.

Nura_Rigasa:
Injiniya tambaya, giyar 505 mai biyar ɗin da ka ce, kai tsaye take hawa 504 ko sai an taɓa bututun farfelar? Don in sai an yanka to ai an dawo maganar da kuka hana Malam Auwal.

Injiniya_Bashir:
Da inji tana haɗuwa in daga 505 mai irin injin aka ciro ta. Ta baya ne sai an auna, don tsawonsu ba lallai ya zo ɗaya ba, shi ya sa ake sayen giyar tare da bututunta da farfelarta daga mota ɗaya, a ajiye na asalin kar a taɓa su. Abban Hanifa ka sa a auna naka daga bakin giya zuwa aksul ka turo min kafin ka biya kuɗin komai.

Dan_Panteka:
Ku bar maganar giya yanzu, mota ba ƙasa. Yaya ka turo hoton hujin nan na but da na wajen direba, ka ɗauka ta ƙasa kuma inda ake sa jak, in ga ko falanki kawai za a sa ko ya taɓa ƙashin.